Auduga, ƙunzugu ko kofin haila: wanne ya dace da ke a zafin Sakkwato?

Kafin ki tsaya gaban mai kemis a Mabera ko ki kutsa Babbar Kasuwa, ki fara sanin yanayin jinin al'adarki. Yawancin mata al'adarsu na zagayowa tsakanin kwana 21 zuwa 35, jinin kuma ya ɗauki kwana 2 zuwa 7, ya fi ƙarfi a kwana biyun farko. Don haka abu ɗaya ba lallai ya ishe ki duk kwanakin ba.

Audugar mata ita ce mafi sauƙin samu. Always, Molped, Virony, duk suna kan kanta. Kada kwalliyar leda ta ruɗe ki. Juya fakitin ki ga guda nawa ne a ciki, doguwa ce ko gajeriya, tana da fikafikan da ke kama kamfai ko babu. Doguwa ta dare ce da ranar da jini ya yi yawa. Mai ƙamshi kuwa ni ban ba ki shawara ba: a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, zufa da turaren nan su haɗu, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Mai fuskar auduga ta fi mai santsin roba daɗi a jiki. A canza ta duk bayan awa 4 zuwa 6, ko da ba ta cika ba. Illarta kuɗi kowane wata, ga neman inda za a yar. Kar dai a jefa a masai mai ruwa, toshe shi take yi.

Ƙunzugu ba abin kunya ba ne, da shi iyayenmu suka rayu. Yanzu ma akwai wanda ake ɗinkawa musamman, mai maɓalli da shafi-shafi na yadi, saye ɗaya ya kai ki watanni da dama. Matsalar ba yadin ba ce, shanyar ce. Na taɓa ganin ƙanwata ta wanke nata ta cusa ƙarƙashin katifa da danshinsa, wai kada Yaya ya gani. Nan wari da ƙwayoyin cuta ke samun gida. Ki jiƙa shi da ruwan sanyi, don ruwan zafi kama jini yake yi a yadi, ki wanke da sabulu, ki baza a rana, ko da za ki rufa masa siririn mayafi. Rana dai ba mu rasa ta ba. Idan unguwarku sai an jira mai ruwa, ki lissafa da wannan.

Tampon, wanda ake turawa ciki, sai manyan kantuna, kuma ba a barin sa ya wuce awa 8.

Kofin haila na roba mai laushi shi ma ciki ake sa shi, yana tara jinin har awa 12, a zubar, a ɗauraye, a mayar, in al'ada ta ƙare a tafasa shi. Tsadarsa sau ɗaya ce, yana shekaru. Amma yana son hannu mai tsabta, da ruwa, da bayan gida mai sirri, kuma sai an koya. 'Yar makarantar kwana zai yi mata wuya.

Ni haɗawa nake: doguwar auduga a kwana biyun farko da ranar fita, ƙunzugu sauran kwanakin ina gida.

Idan kuwa auduga na cika miki duk awa, ko jinin ya wuce kwana 7, ko yana zuwa da manyan gudaji da jiri, to ba sauya kaya za ki yi ba. Ki tafi asibiti a duba ki.