Sharhi a kan na'urar nod mai ƙofa huɗu: kwana tara muna neman laifi a gidajen da ba su da laifi

Wata biyar ke nan da na ɗora wannan nod mai ƙofa huɗu, wato na'urar da ke haɗa igiyar faiba da wayoyin da ke shiga gidaje, a kan layinmu na talabijin da intanet, kuma da a makon farko na rubuta sharhin nan, da yabo kaɗai za a karanta a cikinsa. Mun saye ta ne domin mu raba wani sashe da modem suka yi wa yawa, inda tsohuwar nod guda ɗaya take ɗauke da gidaje fiye da ƙarfinta. A ɓangaren saukar da sigina zuwa gidaje ba ni da abin cewa. Hasken 1550 nanomita da ke zuwa ta igiyar faiba daga cibiyar da muke tura sigina ya iso cikin iyakar da takardarta ta ambata, ta mayar da shi siginar rediyo mai tsabta, ƙofofin huɗu suka fitar da ƙarfi kusan daidai da juna, kuma ta kai har 1218 megahaz yadda DOCSIS 3.1, tsarin tura intanet ta wayar talabijin, yake buƙata.

A mako na uku aka fara kira. Talabijin lafiya lau, saukar da bidiyo lafiya lau, amma da rana ta take sai kiran bidiyo ya riƙa yankewa, aika fayil ya tsaya cak, wasu modem kuma su sauka daga layi su sake hawa. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san inda zuciya take fara zuwa idan hanyar dawowa, wadda ke ɗaukar sigina daga gidaje zuwa cibiya, ta lalace: hayaniyar lantarki da ke kutsowa daga gidaje. Zangon 5 zuwa 65 megahaz da muke amfani da shi wajen dawo da sigina nan ne gidajen rediyon gajeren zango suke, nan ne kuma hayaniyar injuna da cajojin waya marasa inganci take faɗawa, sannan duk abin da ya shigo ta kan waya mai tsatsa a gida ɗaya yana haɗuwa da na sauran gidaje ya taru a nod. Saboda haka ko kaɗan ban zargi sabuwar na'ura ba. Ni da abokin aikina muka ɗauki tsani da mita muka shiga bin layi, muna cire reshe bayan reshe, muna sauya kawunan wayar kowaks da ke kai sigina gidaje, muna sa na'urar tace hayaniya a bakin gidajen da muke tuhuma.

Kwana tara muka yi a haka. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne mutanen da na duba idonsu na ce musu wayar cikin gidansu ce take ɓata wa maƙwabta layi. Wani dattijo ya ce mini, "Injiniya, wayar nan shekara da shekaru ba ta taɓa ba ni matsala ba, me ya sa sai yanzu?" Na amsa masa da cewa, "Baba, waya tana tsufa kamar komai," ya yi shiru ya bar mu muka sauya ta a kan kuɗinsa. Tambayarsa ita ce daidai, ni ne ban tsaya na saurare ta ba, kuma daga baya sai da na koma na mayar masa da kuɗinsa na ba shi haƙuri.

A rana ta tara abokin aikina ya lura cewa matsalar tana bin rana sau da ƙafa: tana farawa idan zafi ya bugi akwatin nod ɗin, tana lafawa bayan faɗuwar rana. Muka rufe hanyar dawowa ta ƙofofin huɗu gaba ɗaya, yadda babu abin da zai shigo daga kowane gida, amma a cibiya hayaniyar tana nan a kan mita. Nan na buɗe murfi na zaro ɓangaren da ke aika haske baya, na karanta tambarin da ke jikinsa. Lezar FP ce ta 1310 nanomita, alhali a tallar kayan da kuma takardar cinikin da ke hannuna an rubuta leza nau'in DFB ɓaro-ɓaro.

Ga wanda bai saba da bambancin ba, ba ƙaramin abu ba ne. Lezar FP, wato Fabry-Perot, tana fitar da haske a tsayin zango da yawa lokaci guda, tana haifar da tata hayaniyar, kuma halinta yana sauyawa da zafi da sanyi. DFB kuwa zango ɗaya take riƙewa, siginarta ta fi tsabta nesa ba kusa ba. A zamanin da hanyar dawowa ba ta ɗauke da komai sai 'yan saƙonnin akwatin talabijin, FP ta wadatar. Amma tun da DOCSIS 3.0 ya fito a 2006 aka fara haɗa tashoshi da yawa wajen aikawa, sigina mai ɗauke da bayanai da yawa irin ta 64-QAM ba ta jure wannan ƙazanta, ballantana a akwatin ƙarfe da yake wuni a rana. Wanda ya sa FP a kwalin da aka rubuta wa DFB ya san abin da hakan zai jawo, ko kuma bai damu ya duba ba.

Da na tuntuɓi mai sayarwa, amsarsa ta farko ita ce wai mu ne ba mu daidaita ƙarfin siginar da ke shiga lezar ba. Sai da na aika hoton tambarin kusa da takardar cinikin kafin maganar ta sauya, bayan mako biyu kuma aka aiko da DFB, ba tare da kalmar ban haƙuri ko ɗaya ba. Gaskiya ita ce tun ranar da na sa ta layin ya kwanta, modem sun daina sauka, kuma na'urar ta wuce watanni masu zafi ba tare da an sake kirana a kanta ba. Ɓangarorinta na ciki suna fita su shiga cikin sauƙi, wanda ya sa sauyin bai kai rabin sa'a ba. Da na zauna rubutun nan niyyata tauraro huɗu ce, domin kayan a karan kansu masu kyau ne.

Sai dai ina cikin rubutu na tuna littafin da ya zo da ita, wanda jadawalinsa na rabon zango tsakanin hanyar dawowa da ta saukarwa na 42 da 54 megahaz ne irin na Amurka, alhali tacewar da ke cikin akwatin ta 65 da 85 ce, abin da ya sa na ɓata rabin wuni a ranar farko ina lissafi da alƙaluman da ba nata ba. Na kuma tuna robar murfin, wadda ta zame daga gurbinta a buɗewa ta uku, har na sami danshi a ƙasan akwatin bayan ruwan sama. Akwatin da aka ce na waje ne, kuma aka san ma'aikaci zai riƙa buɗe shi yana kan tsani, bai kamata robarsa ta gaji da wuri haka ba, domin ruwa idan ya taɓa kawunan haɗi tsatsa ce take biyo baya, tsatsa kuma ita ma hayaniya take zubawa a hanyar dawowa. Idan na haɗa wannan da kwana taran nan, da mutuncin da na zubar a gaban masu biyan mu kuɗi kowane wata, tauraro biyu nake iya bayarwa.

Guda biyu muka saya a lokaci ɗaya. Ta biyun na buɗe ta a kan tebur kafin ta kusanci falwaya, na zaro lezarta na duba, ita ma FP ce. Tana nan a kwalinta ina jiran a aiko da madadin.