Na'urar POS ta Moniepoint a shago: abin da take iya yi da inda take gazawa

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, da wuya ka shiga layi a Kantin Kwari ko Singa ba ka ga shuɗiyar na'urar nan a kan teburin mai shago ba. Kamfanin da ke bayar da ita ya fara ne da sunan TeamApt a 2015, yanzu kuma yana aiki da lasisin ƙaramin banki. Wannan yana da muhimmanci, domin kuɗin da ke asusunka na ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke ba ajiyar banki kariya, kuma tun 2024 inshorar ta kai Naira miliyan 2 ga irin waɗannan bankuna. Mai babban ciniki kada ya mayar da asusun rumbun ajiya, ya riƙa kwashe rarar zuwa wani banki.

Kafin a ba ka na'ura sai ka kawo BVN, NIN da shaidar wurin sana'a. Masu sana'ar cire wa mutane kuɗi kuwa, tun 2024 aka wajabta musu rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ita na'urar, iri biyu aka fi gani: mai madannai, da mai manhajar Android da ake taɓa fuskarta. Ta farkon ta fi jure faɗuwa da ƙura. Ta biyun ta fi sauƙin duba tarihin ciniki, kuma tana kama Wi-Fi, don haka idan layin da ke cikinta ya yi rauni sai ka haɗa ta da datar wayarka.

A ganina babban amfaninta ba karɓar kati ba ne, tabbatar da tiransifa ne. Mai saye ya tura kuɗi zuwa lambar asusun na'urar, kuɗin ya bayyana a fuskarta da sunan wanda ya turo, yaron shago ya gani da idonsa kafin ya ɗaure kaya. Ba sai an kira maigida yana masallaci ko yana hanyar Legas a tambaye shi ko alat ya shigo ba. Wannan kaɗai ya rage cutar alat na bogi ƙwarai. Dokar shago ta zama guda ɗaya: hoton risit a wayar mai saye ba shaida ba ne, abin da na'ura ta nuna shi ne shaida. Maigida kuma yana ganin duk abin da ya shiga ta manhajar wayarsa, ko da shaguna uku gare shi.

Sai matsalar da ta fi haddasa rigima: an cire kuɗin mutum, na'ura ta ce ciniki bai wuce ba. A nan sai a karanta lambar da ke jikin risit. 00 na nufin ya wuce. 51 kuɗin asusun bai kai ba. 55 an yi kuskuren lambar sirri. 91 kuwa bankin mai katin ne ko hanyar da ke tsakani ba ta amsa ba, kuma a nan ne aka fi cire kuɗi ba tare da ya iso ba. Idan ka ga 91, kada ka sake zura katin sau biyu sau uku, don ana iya cirewa a kowane gwaji. Ka ba mai saye risit ɗin ya kai bankinsa, ka ɗauki hoton risit ɗin ka ajiye. Ka'idar Babban Bankin Najeriya (CBN) ta 2020 ta ba da sa'o'i 72 a warware irin wannan, amma a aikace yakan wuce haka, kuma mai shago ne ke shan kallon banza duk da kuɗin ba ya hannunsa. Akwai wurin da na'urar ke nuna ƙarfin sabis na kowane banki. Minti ɗaya na duba shi kafin a karɓi katin dubu ɗari biyu ya fi yinin gardama.

Takardar risit mai faɗin milimita 57 ce, kuma da zafi ake buga rubutunta, ba da tawada ba. Shi ya sa idan ta sha rana ko ta kwana a aljihu lokacin bazara sai ta koma fara fat. Idan na'ura ta fito da takarda babu rubutu, yawanci an juya naɗin ne.

Batiri ma zafi ne maƙiyinsa. Barin ta a caji dare da rana, ko jona ta da cajar da aka tsinta a kan wutar janareta mai hawa da sauka, shi ke kumbura shi har murfin baya ya ɗago.

Game da kuɗin aiki, a tambayi wakilin kamfanin dalla-dalla nawa ake cira a kati, nawa a tura kuɗi, sannan a tuna da harajin gwamnati na Naira 50 a kan tiransifar dubu 10 zuwa sama. A kuma tambaye shi adadin cinikin da ake so na'ura ta riƙa yi, domin wadda ta daɗe a kwance ana iya karɓe ta. Mai sayar da shinkafa buhu-buhu ko atamfa turmi-turmi ba zai ji nauyin wannan sharaɗi ba. Mai teburin da cinikinsa bai wuce 'yan dubbai a yini ba, asusun waya kawai ya ishe shi.