Jama'ar Birnin Kebbi, ku yi hattara da mai "sigina" ɗin hannun jari

Wallahi duk lokacin da na tuna ranar da na tura wa mutumin nan kuɗi, zuciyata tafasa take. Naira 850,000. Kuɗin shinkafar rani da na sayar ne, gumina ne, ba tsintuwa na yi ba.

Kada wanda ya zo ya ce min kwaɗayi ne. Ni ɗan kasuwa ne, na san riba na san faɗuwa. Bai zo min da zancen ninka kuɗi irin na MMM ba. Lissafi yake kawowa, abin da ake kira "sigina" ke nan: ga farashin da za a shiga, ga inda za a fita a kwashi riba, ga iyakar asara, idan hannun jari ya sauko nan a sayar kada a tsaya jira. Kullum da safe sai ya saka zanen kore da ja a guruf ɗin WhatsApp, yau Zenith, gobe Dangote Cement. Ka duba shafin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, ka tarar farashin daidai ne. Wa zai ga haka ya yi zargi?

A wurin mai shayi a Gesse muka zauna, ya ajiye wayarsa a kan benci ya ce, "Alhaji, kai dai ka shiga, fitar ka bar min." Har da dafa ƙirji. Kafin nan ma na gwada shi da 100,000, ya dawo min da 118,000, alat ya shigo a gabana. Shi ya sa na tura 850,000 ɗin. Ko waye a matsayina zai tura.

Da na ce zan cire, sai "kasuwa ba ta kai wurin fita ba". Daga baya wai sai na biya 60,000 na haraji. Na ƙi. A'a, maganar harajin ma bayan ɗan yayana ya tambaye ni lambar CHN ne, lambar da CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan masu hannun jari, ke ba duk wanda ya mallaki hannun jari na gaske. Ba ni da ita, domin ko hannun jari ɗaya ba a saya da sunana ba, asusun mutum kawai kuɗin suka shiga. Manhajar da ya ba mu ta taɓa nuna hannun jari ɗaya ya tashi da kashi 25 cikin ɗari a wuni guda, alhali a NGX ba ya wuce kashi 10 a rana, sama ko ƙasa. Zane ne kawai yake nuna mana! Yanzu ya cire ni daga guruf, lambarsa a kashe.

850,000. "Fitar ka bar min." Allah ya isa.

Rasit ɗin banki da hotunan hirarmu duk suna hannuna, zan saka su da zarar na kai ƙara EFCC. Wanda yake cikin guruf ɗin nan ya neme ni. Sauran ku, dillalin da ba ya cikin jerin masu rajista na SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, kada ku ba shi ko sisi.