Likitan dabbobin da ya zo duba kwikwiyonmu a gida

Maigida ne ya kawo kwikwiyon, wai don gadi, tunda rabin wata yana kan hanyar Kano. Ni kuwa da yara uku, autar ko shekara biyu ba ta cika ba, hankalina ya ƙi kwanciya. Wata maƙwabciya nan unguwar Zariya ta haɗa ni da wani likitan dabbobi mai bi gida-gida.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Ƙarfe tara muka yi da shi, sai bayan azahar ya iso, waya kuma ba ya ɗauka. Takardar shaidar allurar ma sai da na aika yaro har sau biyu kafin ta zo.

Aikin kansa dai ba laifi. Allurar haukan kare cikin ƙanƙara ya kawo ta, ya ce zafin Maraɗi na lalata ta. Ya buɗe bakin kwikwiyon ya duba haƙora, ya ce ya haura wata uku, ana iya yi masa. Ya ba shi maganin tsutsa, ya ciro kaska biyar a bayan kunnuwansa. Jika bakwai na biya.

Inda kuɗina suka halatta shi ne bayan nan. Ya zauna kan tabarma, ya sa aka zuba wa karen sauran tuwo, ya tara yaran. Babban ya miƙa hannu wajen kwanon, sai kwikwiyon ya sandare ya yi gurnani. Na ɗaga takalmi.

"A'a Hajiya, kada ki buge shi," in ji likitan. "Gurnani gargaɗi ne. In kika hana shi, ran da zai ciji ba sanarwa."

Ban taɓa tunanin haka ba. Ya ce ba mai taɓa kare yana ci ko yana barci, ba jan wutsiya, autar kuma kada a bar ta da shi ko da zan shiga madafa ne in fito. In an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti ranar, ban da shafa toka ko jiran gobe, don ciwon haukan kare in alamunsa suka fito da wuya a tsira. Daga baya na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi da hauka ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Kakar yaran har yau ba ta yarda kare ya tako rumfarta ba, kwanonsa ma can bayan garka ta mayar da shi. Allurar baɗi na rubuta ranarta da gawayi a bangon madafa. Shi zan sake kira, sai dai wannan karon ba zan fasa zuwa kasuwa don jiransa ba.