Malam, kada ku sayi manhajar tukuna: wasiƙa daga Jamus

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, da iyali da ɗalibai. Ya ƙoƙari? Mu nan sanyi ya sauka. Ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya riga ya yi duhu, har yanzu jikina bai yarda magariba ce ba.

Saƙonku ya iso, tare da hoton allon kwamfutar da ɗalibarku ta ɗauka da waya: baƙi ƙirin, ba komai sai sunan fayil a sama. Kun ce in binciko kuɗin manhajar da ake buɗe irin waɗannan hotuna da ita a nan, ko sashe zai iya saka ta a kasafin baɗi. Na bincika. Amma ku yi haƙuri in fara ba ku labarin yadda ni ma na sha fama da wannan baƙin allon, don ina jin amsarku tana cikinsa.

A watana na biyu aka ba ni awa uku a kan maikuroskop ɗin konfokal. Kun san ba hoto ɗaya yake ɗauka ba. Yanka yake yi da haske, kamar mai shayi da burodi, daga saman ƙwayar halitta har ƙasanta, kowane yanka hoto guda. Kowane rini da aka sa yana da nasa hoton, idan kuma abu mai rai ake bi, sai a maimaita duka bayan 'yan mintuna. Ni yanka 50 na yi, launi 3, sau 40. Hoto 6,000 ke nan a fayil ɗaya. Kowanne megabait 2 ne, sai ga fayil ya doshi gigabait 12. Na koma ɗaki da murnata, na buɗe, ashe wahala ce na ɗauko.

Tun wurin kwafa aka fara. Filashin da na zo da shi daga gida ya ƙi karɓar fayil ɗin, wai ya yi girma, alhali da sauran wuri fal a ciki. Na ce shi ke nan, jabu aka sayar mini. Ba jabu ba ne. Tsarin FAT32 ne a kansa, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da filashin na 64 ne. Sai an kwashe abin da ke ciki, an sake tsara shi da exFAT. Ku sa ɗalibai su duba wannan kafin su yi tafiya ɗaukar hoto, don a can ba za su sami lokaci ba.

Da na samu ya shiga kwamfutata, Fiji, manhajar da nake buɗe hotunan da ita, ta fara buɗewa, ta kai wajen rabi, ta ce ƙwaƙwalwa ta cika. Kwamfutar RAM ɗin gigabait 8 gare ta, manhajar kuwa kusan kashi uku cikin huɗu take ɗauka, wato 6. Ba a zuba ruwan randa a buta. Na rage, na buɗe wani ɓangare kawai, sai ga shi: baƙi ƙirin, irin na ɗalibarku sak. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina lissafin yadda zan gaya wa mai duba aikina cewa na ƙona awa uku da rini mai tsada a banza.

Da safe na je wurin matar da ke kula da ɗakin na'urorin. A nan, Malam, nake so ku tsaya, domin ita ce abin da suka fi mu, ba manhaja ba. Tana da digirin digirgir, ba ta koyarwa, ba ta duba jarrabawa, albashinta na wannan aikin ne kawai: na'ura ta zauna lafiya, wanda ya ɗauki hoto kuma ya san abin da ya ɗauka. Ba ta ma karɓi linzamin kwamfutar daga hannuna ba. Ta ce in ɗora shi a tsakiyar baƙin, in karanta mata lambar da ta fito a ƙasan ƙaramar tagar Fiji. Na ce 812. Ta ce in matsa gefe. Na ce 95. Ta ce, "To ai ga hotonka nan. Da babu komai, da ba ka ga lamba na hawa da sauka ba."

Ga abin da ya faru. Na'urar tana auna haske daga 0 zuwa 4,095, amma ana adana shi a ma'auni mai kaiwa 65,535. Allon kwamfuta kuwa matakin toka 256 kawai yake nunawa. Idan manhaja ta shimfiɗa waɗannan matakan a kan dukan 65,535, to 812 ya zama baƙi a ido, kamar a auna cokalin gishiri da sikelin buhu. Maganinsa bai kai minti ɗaya ba: a ja sandar ƙasa zuwa yanka na tsakiya, inda ƙwayar take sosai, a danna Ctrl da Shift da C tare, a taɓa Auto. Ƙwayoyina suka bayyana shar, kore da ja. Sai ta ɗaga yatsa ta ce kada in kuskura in taɓa Apply. Auto gani kawai yake gyarawa, Apply kuwa lambobin da kansu yake sauyawa, wanda ya adana bayan haka ya ɓata ma'auninsa. Ina roƙon ɗalibarku ta gwada wannan yau. Ina kyautata zaton hotonta lafiyarsa ƙalau. In kuma da manhajar kallon hoto ta Windows take buɗewa, ta daina, wannan ta hoton biki ce.

Maganar cikar ƙwaƙwalwa ma da ita aka warware. Idan an buɗe fayil ta Bio-Formats, wato kayan karanta fayil da ke cikin Fiji, akwai ɗan akwatin da aka rubuta Use virtual stack. In an zaɓe shi, manhaja ba ta ɗaukar dukan tulin, yankan da kake kallo kawai take ɗebowa daga faifai. Yana ɗan jan ƙafa, amma yana buɗewa. A taga ɗaya kuma ana iya cewa launi ɗaya kawai nake so, ko lokaci na 1 zuwa na 10.

Yanzu ga batun kuɗi. Wannan Fiji da muke ta ambato kyauta ce. Asalinta ImageJ, wadda Wayne Rasband ya fitar a 1997 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, sai wasu masu bincike suka haɗa ta da tarin kayan aiki suka kira ta Fiji. Ita kuma Bio-Formats, wadda masana a Dundee ta Sukotland da Wisconsin ta Amurka suka yi wa aiki, tana karanta nau'in fayil sama da 150. Kowane kamfani da yarensa: Zeiss .czi, Leica .lif, Nikon .nd2, ita ce tafintar da ke jin duka. Abin da ya ba ni mamaki, a ƙasar da Carl Zeiss ya kafa shagonsa a Jena tun 1846, inda Leica ke zaune a Wetzlar, yawancin mutanen da nake aiki da su da wannan ta kyautar suke auna hotunansu. Ta kuɗi akwai, irin su Imaris, tana da kyau ƙwarai wajen nuna abu ta kowace fuska. Amma ba a ma rubuta farashinta a fili, sai ka nemi a aiko maka, maganar dubban yuro ce, ga kuɗin sabuntawa, ga shi sai kwamfuta mai ƙarfi. Mu nan a kwamfuta ɗaya tak aka saka ta, sai ka kama layi. Kamfanonin kuma kowanne yana ba da ƙaramar manhajar kallo kyauta, wadda ta isa a duba yadda aka saita na'ura ranar ɗauka.

Wata biyu bayan haka na sake faɗawa wani ramin, wannan karon da hannuna na haƙa. Wani abokin aiki ya aiko mini hotuna a warwatse, kowane yanka fayil ɗinsa daban, na haɗa su da kaina. Ina jan sandar zurfi, maimakon in nutsa cikin ƙwaya, sai launi ke tsalle: kore, ja, shuɗi, kore. Ashe na gaya wa manhaja yanka ne ke fara jeruwa, alhali launi ne. Fiji ba ta san gaibu ba. Ita dai ta ga hoto 150, in ka ce mata 3 sau 50 ne ta yarda, in ka ce 50 sau 3 ma ta yarda, tunda lissafi ya fita. Akwai kuma ɗan'uwan wannan: idan sunayen fayil 1, 2, 3 ne har 50, wata manhajar takan jera 1, 10, 11, 12, sai can 2 ya biyo bayan 19. Ƙwaya ta riƙa tsalle kamar fara. Tun daga nan 001, 002 nake sa wa suna.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne ranar da na nuna ƙwayata a taron mako, ta fito a baje kamar gurasa, alhali siffar ƙwai gare ta. Wajen mayar da fayil zuwa nau'in hoto na TIFF, bayanin tazarar da ke tsakanin yanka da yanka ya ɓace, manhaja ta ɗauka daidai take da faɗin ɗigon hoto. Wani dattijon farfesa ya tambaye ni a hankali ko zama na yi a kanta. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma kunnena ya yi zafi. Ctrl da Shift da P ke nuna waɗannan ma'aunai. In an ga inci ko pixel a inda ya kamata a ga maikuron, wato ɗaya cikin dubu na milimita, to duk awon da aka yi na banza ne har sai an gyara. Shi ya sa a nan doka ce: fayil ɗin asali ba a taɓa shi, ba a goge shi, a kan kwafi ake aiki. Don Allah kuma ku hana ɗalibai tura wa juna hoton bincike ta WhatsApp a matsayin hoto. Matse shi yake yi, ya zubar da bayanan, abin da ya isa can sai dai kallo.

Kada ku ɗauka komai na nan ya fi namu. Da na so ƙara wa kwamfutata RAM, wani shago ya ce in bar ta mako biyu, kuma kuɗin dubawa daban, ko an gyara ko ba a gyara ba. Na tuna yaran Titin Beirut na Kano, waɗanda kafin ka shanye lemo sun kwance ta, sun saka, sun kunna maka ka gani, har da ragi. A nan aikin hannu ya fi kaya tsada, shi ya sa abu kaɗan sai a ce ka sayi sabuwa. Ranar Lahadi shaguna a rufe, in wayar faifanka ta lalace sai Litinin. Intanet ɗin ɗakina makonni na jira kafin a zo a haɗa, sai da aka aiko takarda ta gidan waya aka sa rana. Inda suka yi zarra shi ne amana a kan kaya. Abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Doka ta ba mai saye shekara 2 ya koma wa mai shago in kaya ya zo da aibi, abin da aka saya ta intanet kuma ana iya mayar da shi cikin kwana 14 ba tare da ba da dalili ba. Na sayi faifan ajiya na terabait 2 a ƙasa da yuro 100, ban ji ɗar ko cikinsa ya kai ba. Sai wutar lantarki. Tunda na zo ban taɓa kwafar fayil ina addu'a ba. A gida kuwa, fayil ɗin da aka ɗauke wuta ana tsakar kwafarsa yakan zauna da sunansa kamar lafiyayye, amma ba zai buɗu ba, ko ya buɗe rabi. Shi kam ba manhajar da ke gyara shi. Abin yi kawai a gwada girman kwafi da na asali, lamba da lamba, kafin a bar wurin na'ura.

Saboda haka, in da ni ne, kuɗin da za a nema na manhaja zan karkata shi. Kwamfutar tebur ɗaya mai RAM 32, ko ta hannu ce, wadda ake iya buɗewa a ƙara mata, don yawancin siraran kwamfutocin cinya na yanzu a like RAM ɗinsu yake. Faifan ajiya biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gida. Batir da inbata, ko ɗan sola da zai riƙe ta. Abin da ya rage a tura mutum ɗaya, mai haƙuri da son koyarwa, ya koyo aikin sosai, a kuma rage masa wasu ayyukan don ɗalibai su riƙa samunsa a kujerarsa. Ba ma sai an tsallaka teku ba. A Damaturu akwai cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa aka buɗe a 2021, suna da konfokal kuma suna horar da mutane.

Fiji ba ta buƙatar a girka ta, jaka ce kawai ake kwafa. Mutum ɗaya ya sauke inda intanet ke da ƙarfi, saura su ɗauka ta filashi. Zan saka muku ita a faifan da zan ba wani ɗan'uwa mai tahowa bayan salla, tare da fayil uku na gwaji: mai baƙin allo, mai tsallen launi, da gurasar tawa, ɗalibai su gyara da hannunsu. Ɗalibar kuma ta turo mini lambar da ta gani da ta ɗora linzami a tsakiyar hoton, da ƙarshen sunan fayil ɗin, da yawan RAM ɗin kwamfutarta.

A gaishe mini da Hajiya da yara. In mai tahowar zai dawo, yaji da kuka sun ƙare.

Ɗalibinku.