BSRT ko Digirin Gudanar da Harkokin Lafiya? Amsa ga Ƙanwarmu Mai Aikin Numfashi a Amurka

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, yau ne na samu sukunin zama. Kin ce kina da digirin nan na shekara biyu, kin ci jarrabawar NBRC, hukumar da ke tantance masu aikin numfashi, kin zama RRT, wato ƙwararriya mai rajista a kula da numfashin majinyata, kina aikin dare uku a mako, awa 12 kowane dare, a sashen kulawa ta musamman, ga yara a gida. Kina son kammala digirin farko na shekara huɗu ta intanet, amma kin rasa wanda za ki kama: na fannin numfashin kansa da ake kira BSRT, ko na gudanar da harkokin lafiya da wasu abokan aikinki suka yi. Ni na farkon na yi, kuma ina aiki da waɗanda suka yi na biyun, don haka bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa.

Inda suka haɗu ba shi da yawa. Dukansu kiredit (ma'aunin nauyin darussa) wajen 120 ake nema, kuma babu wanda zai taɓa lasisinki a cikinsu, domin RRT ɗin da ke hannunki shi jihohi irin su Ohayo da Kalifoniya ke nema. Kada kuma ki sa rai albashi zai yi tsalle washegarin da kika karɓi takarda. A asibitoci da dama ƙarin kaɗan ne, amfanin digirin sai an zo neman matsayi yake fitowa.

Inda suka rabu na farko, kuma shi ne ya fi cin kuɗi da lokaci, shi ne yadda za a ƙirga abin da kika riga kika karanta. Shirye-shiryen BSRT na masu RRT, irin na Jami'ar Boise State a Idaho, da Midwestern State a Texas, da Jami'ar Cincinnati, da UNC Charlotte, don irinki aka gina su. Darussan numfashin da kika yi a kwaleji su ne ginshiƙin digirin, wasu ma suna ba da kiredit saboda RRT ɗin kansa. A ɗaya ɓangaren kuwa, darussan nan da kika sha wuya a kansu, na injin numfashi da gwajin iskar jini da magungunan huhu, sau da yawa a gefe ake jera su a matsayin na zaɓi, wasu kuma ba su samun gurbi sam, sai ki faro ginshiƙi sabo.

A nan ki ɗauko takardar digirinki ki duba: AS aka rubuta ko AAS? Dukansu nau'in digirin shekara biyu ne. Na AAS ya fi karkata ga sana'a, darussan gama-gari kamar rubutun Turanci da lissafi da tarihi kaɗan ne a cikinsa. Nawa AAS ne, kuma ban san da wannan bambanci ba sai da na yi rajista na biya kuɗi, aka ce da sauran darussan gama-gari a kaina. Zango guda cur ya ƙaru mini, kuma a jami'a na biya su da tsada, alhali da na sani da a kwalejin unguwarmu zan yi su da araha. Har yau abin yana yi mini ciwo, ba na so ya same ki.

Ta wajen abin da za a koya miki, BSRT zurfafa abin da kike yi ne kullum: kula da wanda huhunsa ya gaza, jarirai bakwaini, cututtuka masu daɗewa kamar asma da COPD mai toshe hanyoyin iska na huhu, yadda ake karanta binciken masana a gane mai ƙwari da marar ƙwari, da kuma koyarwa da shugabancin sashe. Galibi ba a sake tura ki asibiti neman ƙwarewa, tunda a ciki kike, sai dai aikin bincike na ƙarshe. Ni darasin karanta bincike ne ya fi canja ni. Bayansa ne na fara buɗe baki a zagayen likitoci in faɗi dalilin da ya sa nake ganin a rage yawan iskar da injin ke hura wa majinyaci, da hujja a hannuna. Digirin gudanarwa kuwa kasafin kuɗi ne, da inshora, da dokar sirrin majinyaci, da ɗaukar ma'aikata. Ilimi ne mai amfani, amma daga gefen gado yake ɗauke mutum ya kai shi ofis.

Tsarin lokaci shi ne wurin da digirin gudanarwa ke iya yin galaba. Yawancin BSRT bin zango suke yi, kowane mako da aikin da za a miƙa da ranarsa, ko da babu zaman aji kai tsaye. Jami'ar intanet irin WGU kuwa, mai ba da digirin gudanarwa, kuɗin wata shida ake biya a dunƙule, ki gama darussa iya ƙarfinki a ciki. Mai sauri zai ci riba sosai. Sai dai ga wadda ke saukowa daga aiki ƙarfe bakwai na safe ta kai yara makaranta, rashin mai cewa "ranar Lahadi za a miƙa" yana iya sa wata shida ya wuce da darasi biyu kacal. Ke kika san halinki.

Game da gaba, tun 2019 AARC, ƙungiyar masu aikin numfashi ta Amurka, ta bayyana burinta cewa daga 2030 masu shigowa aikin su zo da digirin farko da RRT. Buri ne na ƙungiya, ba dokar jiha ba, amma yana nuna inda iska ke kaɗawa. Idan koyarwa kike so, ko shugabancin sashen numfashi, ko digiri na biyu na ƙwararru irin APRT da Jami'ar Jihar Ohayo ta fara, BSRT ya fi miƙewa zuwa can. Idan kuma makarantar PA, ta mataimakan likita, ce a ranki, ki sani babu ɗaya cikin biyun da zai wadatar da ke shi kaɗai, domin ana neman darussan kimiyya masu aikin ɗakin gwaji, sai kin yi su daban.

Tunda kin ce kina son aikin nan, gajiyar dare ce kawai ta ishe ki, ni BSRT nake ba ki shawara. Wanda zuciyarsa ta riga ta bar gefen gado shi zan tura gudanarwa.

Kafin ki biya ko dala ɗaya, ki aika takardar sakamakonki zuwa makarantu uku, kowacce ta rubuto miki kiredit nawa ta karɓa da nawa suka rage. Wannan adadin za ki ninka da kuɗin kiredit ɗaya, ba abin da ke jikin talla ba. Ki duba ko CoARC, hukumar da ke tantance shirye-shiryen karatun numfashi, ta tantance shirin, ki kuma leƙa ofishin ma'aikata na asibitinku ki tambayi tallafin karatu, domin dokar haraji ta yarda mai aiki ya biya wa ma'aikacinsa har dala 5,250 a shekara ba tare da an cire haraji ba. Ki karanta sharaɗin da kyau, wasu suna ɗaure mutum da ci gaba da yi musu aiki na wani lokaci.

Ga 'yan'uwa masu bizar karatu ta F-1: darasi ɗaya kacal na intanet ake ƙirga muku cikin cikakken nauyin zango, don haka shirin da duk ta intanet yake ba zai riƙe muku biza ba. Wanda kuma ya zo da digirin shekara huɗu daga gida, na ABU ne ko BUK ko wata jami'a, ya fara kai shi WES, mai auna takardun karatun ƙasashen waje, ko makamanciyarta a auna. Sau da yawa yana fitowa daidai da digirin farko na Amurka, sai mutum ya wuce kai tsaye zuwa neman digiri na biyu, wato na mastas.

Idan amsoshin makarantun sun zo, ƙanwata, ki turo mini mu duba tare. Allah Ya ba da sa'a.