A Malesiya har mamaci ana saya wa wayar salula

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, Umma da su Baffa da yara. Na ga saƙonka, na kuma ji tambayoyin da Umma ta sa ka yi mini: wai ina samun naman da aka yanka da bisimilla, akwai masallaci kusa, kuma mutanen nan masu gumaka da take gani a finafinan Indiya ba sa takura mini? Ka karanta mata wannan a tsanake. Akwai wuraren da za ka tsallake, kai ma za ka gane su.

Fara kwantar mata da hankali a kan nama. A nan hukuma ce tsaye a kan maganar halal. Akwai sashen gwamnati da ake kira JAKIM, shi ke ba da tambari, wani zagaye da kalmar halal da Larabci a tsakiya, za ka gan shi a jikin kaza, biskit, man goge baki, har da ruwan gora. Ranar da na fara ganinsa a jikin ruwa dariya na yi, na ce shi kuma ruwa me ya yi? Sai wani abokin karatuna ya ce abin da ake tace ruwa da shi wani lokaci da ƙashin dabba ake yin sa, dole a san wace dabba ce. Na ja bakina na yi shiru. A manyan kantuna kuwa naman alade da giya suna can wani lungu nasu, da allo a sama, ba za ka faɗa ciki bisa kuskure ba.

Mu a gida mahaucinmu mun san shi, mun san ubansa, fuskarsa ce shaidarmu. Su takarda suka riƙe. Tana da amfani a birni mai yawan baƙi, amma na ga inda take cutarwa: Basine zai buɗe gidan abinci, ya rubuta a ƙofa cewa ba ya dafa alade, ga tsafta ga araha, abokaina Malayawa ko leƙawa ba za su yi ba saboda babu tambari. Naman shi kansa kuma, yawancin wanda ɗalibi zai iya saya na ɓauna ne daskararre da ake shigowa da shi daga Indiya. Halal ne, amma bai kama ƙafar tsiren Sabon Gari ba.

Wurin salla ne suka ba ni kunya a madadinmu. Ƙaramin masallaci suna ce masa surau, kuma yana ko'ina: babban kanti, tashar jirgin ƙasa, gidan mai a kan babbar hanya, asibiti. Ga famfon alwala a jere, ga silifa na aro, ɓangaren mata an rataye fararen hijabai masu tsafta da ake kira telekung, mace ta saka ta yi salla ta mayar. A ɗakin otal ka ɗaga kai za ka ga kibiya a rufi tana nuna alƙibla. Ka tuna yadda muke yawon neman buta a tasha, da yadda bayan gidan masallacin unguwarmu yake? Ba kuɗi ne ya fi ƙarfinmu ba a nan, kula ce.

Sai dai su Shafi'iyya ne, kuma babu wanda ya gaya mini kafin in zo. Asubata ta farko, liman ya ɗago daga ruku'in raka'a ta biyu, ni ban yi wata-wata ba na zube sujada. Ina ƙasa na ji sahu duka suna ta amin, amin, hannuwa a sama. Ƙunutinsu a bayyane yake, bayan ruku'u, mu kuma mun saba da na ɓoye kafin ruku'u. Haka na miƙe a hankali kamar ɓarawon takalmi. Bisimilla ma a bayyane liman ke karanta ta a Fatiha. Zakkar fidda kai kuɗi suke bayarwa, da yawa ta waya, babu mudu babu gero. Har sabulun yumɓu ake sayarwa a kanti, don wanda kare ya lasa ya yi wanki bakwai, ɗaya da ƙasa.

Abin da na fi yi musu sha'awa shi ne Tabung Haji, asusun tara kuɗin aikin hajji da aka kafa a 1963. Wani masanin tattalin arziki, Ungku Aziz, shi ya kawo shawarar, bayan ya ga mutanen karkara suna ɓoye kuɗi a ƙarƙashin matashi, ko su sayar da gona da dabbobi su tafi Makka su dawo babu abin yi. Ka ji kamar labarin ƙauyenmu. Yanzu jariri ma buɗe masa asusu ake yi, ana juya kuɗin ta hanyar halal ana raba riba. Matsalarsu kujera: abin da Saudiyya ke ba su a shekara kimanin 31,600 ne, layin kuma ya yi tsawon da saurayi zai iya tsufa bai kai gaba ba. Na san Hukumar Alhazai ta fara irin wannan adashe da bankin Jaiz a 2020. Ka je ka tambaya saboda Umma.

To, sauran addinan. A ƙidayar 2020 Musulmi kusan 64 ne cikin 100, mabiya Buda kusan 19, Kirista 9, 'yan Hindu 6. Mun yi darasi a kansu a aji, na ci jarrabawa, amma a gaskiya a kanti na fara fahimtarsu.

Kusa da inda nake haya akwai shagon wani dattijo Basine. Na daɗe ina wucewa ina ɗauka kayan wasan yara yake sayarwa. Ran nan ruwa ya tsare ni a bakin shagon sai na duba da kyau. Riga ce da wando a cikin leda, takalmi, agogo, wayar salula da cazarta, mota da direba a ciki, gidan sama mai baranda, da ɗaurin kuɗi masu sifili ba iyaka. Duk na takarda ne. Ana saya ne a ƙona wa mamaci, a imaninsu hayaƙin zai isar masa da kayan a can. Kasuwar ta fi ci a watan bakwai na kalandarsu, wajen Agusta, lokacin da suke cewa an buɗe wa matattu ƙofa. Da daddare sai ka ga gangar ƙarfe a bakin titi wuta na ci, an jera lemo da shinkafa da turaren tsinke a ƙasa.

A wannan watan na ga wata tsohuwa ita kaɗai a gaban ganga. Ta fito da rigar takarda, ta shafa ta da tafin hannu ta miƙar da kwalarta kamar mai guga, ta yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ta sa a wuta. Yaya, dariyar da na zo da ita ta tsaya mini a wuya. Fuskarta irin ta Umma ce ranar Juma'a idan tana ƙirga wainar sadakar Baba. Aƙidata ba ta motsa ba: na san sadakarmu cikin mai rai take shiga, lada kuma Allah ke isarwa, ita tata toka ce za ta rage da safe. Amma tun daga ranar na kasa kiran abin da take yi wauta da bakina.

Wani abin da zai ba ka mamaki, ƙananan ɗakuna jajaye ne a gindin bishiya ko bakin wurin gini. A ciki za ka ga siffar dattijo da hular Malayawa. Sinawa ne ke girmama shi, suna ce masa Datuk Gong, wai shi ne mai wurin tun asali, kuma tunda suna ɗaukarsa Musulmi ne ba a kai masa alade. Nan take na tuna da Malam Alhaji na 'yan bori. Wannan sakin layin kada ka karanta wa Umma.

Batu Caves kuwa, wurin ibadar 'yan Hindu, jirgin ƙasa daga tsakiyar Kuala Lumpur har ƙofarsa yake kai mutum. Kogo ne a jikin dutse, da matakala 272, a gindinta mutum-mutumin abin bautarsu Murugan mai ruwan zinare, tsayinsa ya haura mita 42, an buɗe shi a 2006. Na je lokacin bikin Thaipusam, wanda kan faɗo a Janairu ko Fabrairu. Masu alwashi suna hawa ba takalmi, wasu da tulun madara a ka, wasu da ƙaton kaya mai gashin dawisu a kafaɗa, wasu an soke musu kumatu da tsinken ƙarfe. Ban iya kallon wannan sosai ba. Abin da na tsaya a kansa shi ne layin wanzamai suna aske kawuna ƙwal, maza da mata da jarirai, ana shafa musu wani abu rawaya mai sanyi, da rumfunan da ake raba ruwa da abinci kyauta ba a tambayar addininka. Biri ya fizge mini ledar ayaba a wajen matakala ta ɗari, na bar masa.

'Yan Sik su ne suka fi kusa da abin da na sani. Allah ɗaya suke cewa, babu gunki a wurin ibadarsu, kuma wanda ya kafa addinin, Guru Nanak, an haife shi a 1469 a yankin Punjab. Wani ɗan ajinmu ya kai ni gurdwararsu, wato wurin ibadar, da ke unguwar Chow Kit. Ka cire takalmi, ka rufe kai, ka shiga layi a zuba maka wata gurasa da ake kira capati da miyar wake, babu nama don kowa ya iya ci. Masu wanke kwanuka har da manyan mutane masu motoci. Da azumi ma masallacin Kampung Baru yana raba wani faten shinkafa da ake kira bubur lambuk, sai dai ba ya maye mini kunun tsamiya da ƙosai, kuma babu tafsiri irin namu mai jan baƙi, balle tashe.

Kusan kowa yana da ranar hutunsa a kalandar gwamnati: Sallah biyu, Maulidi, sabuwar shekarar Sinawa, Wesak ta mabiya Buda, Deepavali ta 'yan Hindu, Kirsimeti. Har goron Sallah sun ara wa juna. Sinawa na ba yara kuɗi a jar ambulan, Malayawa suka mayar da tasu koriya, bankuna na rabawa kyauta. Amma kada ka ɗauka aljanna ce. Sun yi mummunan rikicin ƙabilanci a ranar 13 ga Mayu, 1969, har yau da taka-tsantsan ake zancensa. Doka ta hana yi wa Musulmi wa'azin wani addini, kuma ko kai Musulmi ne ba ka hawa kujerar karantarwa a masallaci sai da takardar izini daga hukumar jiha. A kantin cin abincin makaranta za ka ga kowa ya ja teburinsa da nasa. Suna zaune lafiya, amma ban ga suna shiga gidajen juna kamar yadda maƙwabciyarmu Maman Ngozi ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti, mu aika mata da naman layya ba.

Layya ma a nan saniya ake haɗa kuɗi mutum bakwai a yanka a masallaci, kafin azahar an raba an share wuri. Babu ƙaurin babbakar kai, babu suyar kwana uku. Ranar ce na fi jin kewar gida.

Akwai wanda zai taho ƙarshen wata. A ba shi daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji, amma kada a sa kilishi, ana iya ƙwacewa a filin jirgi. Zan ba shi telekung ɗaya na Umma idan zai koma, da sabulun yumɓu guda biyu. Ɗaya ka kai wa Baffa, ka tsaya ka ji abin da zai ce, sannan ka rubuto mini.